Dauron da Ba Wanda Ya Taya

Ƙwarya huɗu ta irin gero, ƙwarya biyu ta dawa, jaki ɗaya mai tabo a gadon baya, gonar aro a bayan Ƙofar Ran, sai matata Rifkatu da cikin fari. Abin da na shiga daminar shekarar 'yancin kai da shi ke nan. Ni ɗan kasuwa ne, na saba jera kaya kafin in buɗe baki.

Ruwan bana ne ya tono mini wannan. An yi guda mai kyau, mutane suka ruga gona suka yi shuka, sai sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Ina zaune a ƙofar gidana a unguwar Ɗan Iya ina kallon gabas, 'yata Godiya, wadda take riƙe da rumfar hatsinmu yanzu, tana ta latsa waya wai ta ga ranar da ruwa zai dawo. Ita ma ta yi furfura, amma ba ta taɓa ganin yunwar da ake jin ta a gwiwa ba. Ni na gani, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu ya watse, waccan shekarar nake tunawa.

Daga ƙauyenmu na cikin duwatsu, kudu da gari, na zo Bauchi ina saurayi. Dako na fara a kasuwa, daga nan na koma auna wa wani, har na tara na sayi jaki na shiga ƙauyuka ina sayo hatsi da kaina. Masaukina gidan Malam Bappa ne, Bafulatanin gari mai shanu a daji, yana da ɗan masallaci a ƙofar gida. Ya ba ni ɗakin waje kusa da zaure. Ya san ni Kirista ne, ya san ranar Lahadi ba na taɓa mudu, bai taɓa cewa komai ba sai dai ya kira ni ɗan dutse. Da na yi aure, shi ya ara mini gona. Al'adar gonar aro kuwa kowa ya san ta: muddin kana noma ta, taka ce, damina ɗaya ta wuce ba a ga amfani tsaye a cikinta ba, ta koma hannun mai ita. Shekara uku ina kwashe tsakuwa daga gonar nan, ina kai mata taki a bayan jaki. Ita ce take ciyar da mu, ribar kasuwa kuma ta zama jari. In babu ita, sai dai mu naɗe tabarma mu koma ƙauye.

Sai na koma baya kaɗan, zuwa kakar da ta gabata. A majami'armu, ginin ƙasa da jinka a bayan ganuwa, bayan girbi kowa yakan kawo baikon godiya daga abin da ya noma. In an tashi sujada sai a yi gwanjonsa a gindin ɗorawa, kuɗin ya tafi gyaran jinka da abincin mai bishara. Ni ake sa wa in yi gwanjon, don ina da murya, na kuma san farashi. Akwai wata tsohuwa daga can wajenmu, Iya Hannatu, mai sayar da daddawa, ba ta da kowa a gari. Ita abin da ta kawo ɗan ƙullin dauro ne, zangarniyar da za a riƙe da hannu ɗaya, an ɗaure da rama. Dauro geron mutanen dutse ne, mai jinkirin nuna. Ba a shuka shi kai tsaye a gona. Sai an yafa shi a ɗan wuri, in ya tasa a cire a dasa kamar albasa. Mutanen birni ba sa sayensa, namu ma da suka ɗanɗana zaman gari sun fara yi masa kallon ƙauyanci.

Na ɗaga shi sama na ce, “Dauron Iya! Wa zai taya?”

Ba wanda ya taya. Can wani ya ce, “Bulus, ai ko kajin birni sun daina ci.”

Aka yi dariya. Iya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Na sake kira, ba wanda ya motsa. Sai na ce, “Na taya sisi. Na kuma sallama wa kaina.”

Da na kai gida Rifkatu ta juya shi a hannu ta ce, “Maigida, ba kai ne kake cewa ba ka sayen abin da ba za ka iya sayarwa ba?”

Na ce, “Rataye shi kawai.”

Ta soke shi a jinkar madafa, saitin murhu. Hayaƙi ya yi ta dukansa har ya yi baƙi, muka daina ganinsa.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Duwatsun da suka kewaye garin sukan sha rana su riƙa hurowa kamar bakin tanda, tabarma ma sai ka yayyafa mata ruwa kafin ka zauna. Farashi ya hau, na sayar da hatsin da na ajiye, na ci riba mai kyau. Kowane ɗan kasuwa haka zai yi. Sannan na yi wani lissafi: wanda ya riga kowa fito da sabon gero shi yake yanka farashi. Don haka na yi binne, wato ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, wani ya biyo bayansa, ka riga kowa. In kuwa ɗan kaɗan ya zo ya tada irin ya tafi, ka kashe shi da hannunka. Ina sara da sungumi, Rifkatu tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige, ƙasa tana ƙona mata tafin ƙafa.

Ruwa ya zo. Ƙanshin ƙasa ya cika unguwa, yara suka fita tsirara suna ihu. Geron ya tsiro layi-layi, kore shar, har na tsaya a bakin gona ina ƙiyasta dami. Daga nan sama ta bushe. Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da safe, sannan ya daina warwarewa. Ya koma ruwan toka, in ka murza sai ya zama gari. Da aka sake ɗan yayyafi na zuba dawar duka, don na ce ba zai yiwu a yi haka sau biyu ba. Aka yi. Wadda ta tsiro ta ƙone, wadda ba ta tsiro ba tururuwa da tsuntsaye suka tone.

Na ɗauki jaki na shiga ƙauyuka da kuɗi a lalita, na tarar kowa ya liƙe bakin rumbunsa. Ba fari kaɗai ya sa haka ba. Magana ta cika ko'ina cewa Turawa za su tafi kafin kaka. Wasu suka ce kuɗin da ke hannu zai daina aiki, to wa zai ba da hatsi ya karɓi ƙarfe? A cikinmu kuma ana raɗe-raɗin cewa za a rufe majami'u, a ce baƙi kowa ya koma garinsu. Gaskiya ba wanda ya taɓa ce mini in tashi. Amma kowace Lahadi sai ka ga benci ya ƙara zama wayam, an ce wane ya kwashe iyali ya koma dutse.

A gida muka koma ci sau ɗaya. Da safe Rifkatu takan tafi rijiya ta bi layi, guga yana fitowa da rabin ruwa rabin laka, sai an bar shi ya kwanta. Ni in tafi kasuwa in zauna a gaban buhun da ya kusa zama fanko. Da la'asar ta dafa tafasa ko rama, ta barbaɗa ɗan gari a kai don a ce an ci tuwo. Wani lokaci garin ɗorawa muke damawa mu sha, ya bar mana baki rawaya. Kafin mu sa hannu mukan yi addu'a, kuma ina tuna yadda nake jin nauyin cewa mun gode a kan ganye. Ribar da na ci ta narke a sayen mudu ɗaya-ɗaya da tsada. Na kai jakin kasuwa, mai saye ya ga tabon ya karya shi, na sallama. Kuɗinsa ma ciki ya cinye. Ƙafafun Rifkatu suka fara kumbura.

Ana cikin haka Malam Bappa ya kira ni zaure. Shi ma sau uku ya yi shuka, rumbunsa ya kusa ƙasa, ga bakuna cike da gida, don haka ban ma yi tunanin roƙonsa iri ba.

Ya ce, “Ɗan dutse, ɗan ƙanena ya yi mini maganar gonar. Ya ce in ta kwana bana a ba shi.”

Na ce, “Malam, taki na shekara uku ne a ciki.”

Ya ce, “Na sani, da idona na ga jakinka yana kai da kawowa. Amma ka san al'ada. Ba na so dangi su ce na karya ta saboda baƙo, ba na kuma so in karɓe gona daga gidan da ke da mai ciki. Ka tsayar da wani abu a ƙasar nan, Bulus, ko mene ne, in samu abin da zan nuna.”

Na fito ina lissafi. Lokacin gero ya wuce, na dawa yana wucewa, iri kuma ko da kuɗi ba ya samuwa.

Wata safiya na shigo na tarar da Rifkatu ta hau turmi da cikinta, tana zaro dauron nan daga jinka. Ganye ya daina zama mata a ciki, kunu take so ko na kofi ɗaya. Tana saukowa Iya Hannatu ta yi sallama, ta kawo mata ɗan ƙullin daddawa. Ta ga abin da ke hannunta, ta karɓa, ta murza zangarniya ɗaya a tafi, ta hure, ta ciza ƙwayar da sauran haƙoranta.

Ta ce, “Yana da rai. Hayaƙi ya tsare shi, ko ƙwaro ɗaya babu. Ɗana, wannan ai lokacinsa bai wuce ba. Yanzu ma ake yafa shi a gida.”

Na ce, “Iya, a gida akwai rafi. Nan ruwan sha ma da layi ake samu. Kuma kin ga halin da take ciki.”

Iya ta ce, “Na gani. Ni ban ce a hana ta ba.”

Na dubi ƙullin dauron. In an sussuka shi duka bai kai rabin mudu ba. Na kasa cewa a dama, na kasa cewa a bari. Rifkatu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo mini ta ce, “Karɓi, kafin in canja ra'ayi. Amma in ka bari akuya ta ci, Maigida, kai zan dama.”

Saura ruwa. A nan idon kasuwa ya yi mini amfani, don na saba lura da abin da mutane suke zubarwa. A duk unguwar wuri ɗaya ne yake da ɗanyar ciyawa: gefen masallacin Malam, inda ruwan alwala yake gangarawa. Ko ana fari ba a fasa alwala. Na je na same shi na faɗi buƙatata.

Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, “Ruwan alwalarmu za ka yi jari da shi? Kai Bulus, ko inuwa aka ba ka sai ka auna ta a mudu.”

Na ce, “Malam, an gama aiki da shi, ƙasa ce take sha a banza.”

Ya ce, “To in ya fito, Musulmi ne ko Kirista?”

Na ce, “In ya fito sai ka tambaye shi.”

Na kafta wurin, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, na yafa irin, na kewaye da ƙaya. Malam ya ce wa masu salla su riƙa matsowa da butocinsu bakin ƙayar. Wani dattijo ya yi gunaguni cewa yanzu kuma alwala ta zama ban ruwa, amma shi ma ya matso. Rifkatu tana ƙarawa da ruwan wanke-wanke. Dauro ya fito cunkus kamar gashin kai.

Sai wani sabon tsoro ya zo. Dashe ba ya jira har abada. In ya daɗe a matse sai ya yi rawaya ya sanƙare. Kullum da yamma hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, mata su fito da tukwane, sai ya tsage biyu ya wuce. A majami'a mai bishara ya daina doguwar huɗuba. Yakan ce kowa ya tashi ya faɗi abu ɗaya da Ubangiji ya taɓa yi masa. Wani ya faɗi ciwon da ya tashi daga shi, wata ta faɗi haihuwar da ta zo da gardama. Iya ta ba da labarin shekarar fara, yadda suka rufe rana suka cinye gonaki, mutane kuma suka kwashe farar a buhu suka ci har wata damina. Ba zan ce na fita da farin ciki ba. Da tsorona na shiga, da shi na fito, sai dai na ji zan iya ɗaukarsa zuwa wata Lahadin.

Ruwan gaske ya sauka ranar Asabar da la'asar. Ya zuba har lungu ya zama rafi, jinkarmu ta yi yoyo a kan gado muna dariya. Gari ya waye Lahadi. Duk wanda yake da abin sa wa a ƙasa ya fita. Malam ya gan ni da wankakkiyar riga, ya tsaya.

Ya ce, “Ƙasa ta jiƙu, kai kuma ina za ka?”

Na ce, “Lahadi ce, Malam.”

Ya kaɗa kai ya ce, “Kai da Ubangijinka kuka sani. Amma ɗan ƙanena yana da ido.”

Ranar ta buɗe fau, mai zafi kamar ba a taɓa ruwa ba. Na zauna a benci ina kallon ƙasar ƙofa tana canja launi daga baƙi zuwa ja. Ko kalma ɗaya ta sujadar ban ji ba, ina ta auna zurfin laima a raina. Bayan an tashi na roƙi gayya, waɗanda suka rage suka ce za su zo.

Litinin ta waye da lumshi, ana yayyafi siriri wanda bai tsaya ba har yamma. Duk wanda ya san dashe ya san ba abin da yake so kamar haka. Ban ce don na ƙi aiki aka yi yayyafin ba. Na san waɗanda suka fi ni tsoron Allah da shukarsu ta ƙone ƙurmus. Abin da na gani kawai nake faɗa. Maza suna tada kunya, mata suna bi suna kwantar da dashen a gicciye suna dannawa da ƙafa, Iya tana zaune a kan dutse tana datse kan ganyen da wuƙa tana faɗa da duk wanda ya sa uku a rami ɗaya. Ba ni da abincin gayya, kowa ya sani, ba wanda ya tambaya. Da azahar sai ga ƙwaryar nono daga cikin gidan Malam. Dashen ya ƙare saura kusan sulusin gona.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan, ko za a ce gonar ta kwana. Da dauron ya miƙe, Malam ya zo da ɗan ƙanensa, suka zagaya. Ya tsaya a wurin da ba komai, ya dubi wurin da yake kore, ya ce, “Ni dai na ga amfani a tsaye.” Suka juya suka tafi, maganar karɓar gona ta mutu.

Ko bayan haka ban saki jiki ba, don dauro yana son ruwan ƙarshe, kuma mun makara. Ranar da aka karɓi mulki ina gona, ina jiyo kiɗa daga cikin gari da wajen unguwar Turawa, ni kuwa ina buɗe ganye ina duba ko ya ɗauki ciki. Ya ɗauka. Ba wanda ya kore mu, ba a rufe majami'a ba, kuɗi bai daina aiki ba, mai karɓar haraji ma ya zo a kan lokacinsa. Aka ƙara ruwa biyu masu kyau. Iya Hannatu ba ta ga girbin ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta dauron yana fitar da kai. Rifkatu ta sauka lafiya muna shirin yanka, aka sa wa yarinyar Godiya. Kunun jegonta na dauro ne.

A gwanjon godiyar shekarar na kawo dami guda cikakke, na ɗaga na ce wa zai taya. Mutanen da suka dasa shi da hannunsu suka yi ta kallon juna suna murmushi, don har gobe tuwon dawa suka fi so. Na sake saye da kaina. Tun daga nan ba a rasa ɗan ƙullin dauro a rataye a gidana ba. Godiya da gas take girki, ba hayaƙi, don haka yana can baya inda ake dafa ruwan wanka. Jiya na sa ta sauko da shi, na murza, na ba ta ta ciza tunda ni haƙoran sun tafi. Ta ce, “Baba, da ƙarfinsa.” Na ce ta mayar. Hadarin yau ma ya watse.

Ga yadda shekarar ta tashi. Gero ƙwarya huɗu ya tafi, dawa ƙwarya biyu ta tafi, jaki ya tafi, jari ya tafi, kuma sai da na sake komawa auna wa wani kafin in tsaya da ƙafata. Na girbe dami tara: ɗaya na Malam, ɗaya na majami'a da na sake saye ya zama iri, bakwai muka ci, ba su ma kai mu wata kakar ba. A lissafin kasuwa faɗuwa ce, ba na ɓoyewa. Amma gona ta zauna a hannuna har na saye ta daga magadan Malam, uwa da 'ya suka rayu, ban naɗe tabarma ba. Kuma abin da ya tsayar da mu yana rataye a saman kanmu tun kafin mu san za mu nema. A duk cinikin da na yi a garin nan, shi kaɗai na saya ba don riba ba. Sisi na biya, har yau ina ci.